Burtalin Kwarin Maje

Ranar Alhamis da hantsi, kwana na huɗu da fara bitar, Malama Amatullahi ta buɗe akwatin ƙarfen marigayi Usman Mai Hoto ta tarar da ambulan mai lamba arba'in da ɗaya wayam. Ta zazzage shi, ta leƙa, ta sake zazzagewa. Babu. Sauran ambulan ɗari uku da 'yan kai kowanne da nagatif ɗinsa a ciki, wato 'yar baƙar ledar nan da ake wanko hoto daga jikinta a zamanin da. Ɗaya tak aka ɗauke, kuma duk wanda ke ɗakin ya san ko wanne ne.

Bitar ta kwana biyar ce. Wata ƙungiyar masu kishin tarihin gari ce ta shirya ta a wani ɗakin taro cikin Daura, ta gayyato Malama daga jami'a ta koya wa malaman makaranta da 'yan bokon ƙauyuka yadda ake karanta tsohon hoto: wa ya ɗauka, a ina ya tsaya, me ya sa a ciki, me ya bari a waje. Ɗalibai goma sha takwas, sai dattawa uku da aka ajiye a bayan aji don su riƙa faɗin sunayen fuskoki da wurare. Cikin dattawan akwai Dagacin Kwarin Maje, Mainasara, da mutuminsa Kalilu Mai Sawu, wanda ya shekara arba'in yana bin sawun shanu da jakunan sata daga nan har bakin iyaka. Shi Kalilu tun Litinin gyangyaɗi yake sha a kujerarsa, sai an kawo shayi a taɓa shi.

Ranar Talata ce kaɗai ya wartsake. Majigi ya haska hoto na arba'in da ɗaya a bango, sai ga Kwarin Maje shekara sittin da suka wuce, lokacin da ake yi wa shanu allurar ciwon bushiya. Ga tsohuwar kuka a tsakiya, ga dutse can bayanta daga arewa, ga garken shanu jere suna wucewa ta hannun dama, wato gabas da kukar. Mutanen Kwarin Maje da ke ɗakin suka kaure da kabbara. Dalili, shekara uku ke nan ana ja-in-ja da Fulanin rugar Arɗo Kabo a kan burtali. Fulani sun ce hanyar shanunsu ta asali yamma da kuka take, miƙe zuwa tabki, gonaki ne suka cinye ta. Manoma sun ce gabas take, ta kan fako da kwazazzabon da ke karya ƙafar saniya. Kwamitin sulhu zai zauna ranar Asabar ya yanke, ga shi kuwa hoto ya faɗo daga sama yana bayan manoma. Gonar da ta fi kowacce girma a yammacin kukar ta Kalilu ce, gadon ubansa, shi da 'ya'yan ƙanensa suke nomawa. Ranar shi ma ya yi dariya har da tafi.

Kwamitin dai ya ce ba ruwansa da hoton kwamfuta, ko yaro ma yana iya sa wa akuya rawani a ciki. A kawo na asali. To, na asalin ne ya yi ƙafa.

Ba a yi dogon tunani ba. Idanu goma sha bakwai sau biyu suka juya kan Sha'aban, jikan Arɗo Kabo, Bafulatani ɗaya tilo a ajin, wanda ya gama kwalejin ilimi bara yana jiran aiki. Ya miƙe tsaye, ya buɗe jakarsa da kansa ya zube ta a tebur: littafi, biro, cajar waya, ƙullin dabino.

"Wa zai bar kayan sata a jaka ya kwana?" in ji wani daga gefe. "Yana ruga, ko ya riga ya shiga murhu."

Dagaci Mainasara ya buga sanda a ƙasa. "Malama, ki yi haƙuri, wannan ya wuce aji. Gobe in an sauko Juma'a ba a ga abin nan ba, ni da kaina zan miƙa yaron nan ga 'yan sanda, kwamiti kuma ya ji wanda ya ɓatar da shaida." Ya waiwaya baya. "Kalilu, ka farka? Ga sata a gabanka."

"Allah ya ba ka nasara, siminti ba ya riƙe sawu," in ji Kalilu. Amma ya tashi, ya gyara hularsa.

*

Ya fara da Malama Amatullahi, a bakin tebur. Mace ce mai magana a hankali, amma ranar ba ta cikin natsuwa, don da bakinta ta yi wa magadan Usman Mai Hoto alkawarin ko ƙura ba za ta taɓa kayan ubansu ba.

"Yaushe rabonki da shi?"

"Jiya da safe, Baba. Darasin riƙon nagatif muka yi. Kowa ya sa safar hannu, aka riƙa ɗora su a kan allon haske ana dubawa. Na nuna musu cewa kowanne fuska biyu gare shi, ɗaya mai sheƙi, ɗaya dushi-dushi, in ka kifa shi ba daidai ba to ka ɓata aiki. Na ce ranar Juma'a za mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu tantance."

"Kowa ya taɓa na arba'in da ɗaya?"

"Har rububinsa aka yi."

"Wa ya mayar da su akwati?"

"Da la'asar, su huɗu ko biyar suka taya ni. Ambulan na ƙirga, ban leƙa ciki ba." Ta sunkuyar da kai. "Laifina ne wannan."

Kalilu bai ce laifinta ne ba, bai ce ba nata ba ne. Ya roƙi ta buga masa hoton a takarda, ya ninke ya sa a aljihu.

Sha'aban yana zaune a barandar waje, an bar masa benci guda shi kaɗai.

"An ce jiya da azahar kowa ya fita salla kai ka tsaya a ciki."

"Haka ne, Baba Kalilu. Na tsaya kamar minti goma."

"Kana me?"

"Shanu nake kallo." Ya gyara zama. "Akwai wata mai karyayyen ƙaho a gaban garken. Kakana yana ba mu labarinta tun muna yara, wai ita ke ja musu gaba. Ban taɓa zaton zan gan ta da idona ba."

"Hoton nan ya kashe muku magana. Ka sani?"

"Na sani. Ranar Talata ko abinci ban iya ci ba. Na je na gaya wa Arɗo, ya ce hoton ƙarya yake. Na ce masa hoto ba ya ƙarya. Ya ce to shi ne maƙaryacin ke nan? Har yau bai amsa gaisuwata ba." Ya ɗago ido jajur. "Baba, in an kai ni caji ofis, sunana ya shiga takarda, aikin koyarwar da nake jira ya tafi. Wallahi ban ɗauka ba."

Rantsuwa ba ta taɓa sa Kalilu ya saki sawu ba, ya ji ta a bakin ɓarayin shanu fiye da a bakin limamai. Ya dubi ƙafar yaron, don shi duk wanda zai yi magana da shi sai ya fara gaisawa da ƙafarsa. Takalmin roba irin na makiyaya, yatsu a tattare, tafiyar mai bin dabba. Ya adana a ransa ya wuce.

*

Kafin azahar wata sabuwa ta ɓullo. Wani ya tuna cewa Sabiru, mai shagon kwamfutar da aka ɗauka ya zuba hotunan a na'ura, an gan shi jiya da yamma a hanyar Kongolam, can bakin iyaka, da jaka a goye. An kuma san shi da kai tsofaffin kaya ga wasu masu saye da ke tsallakowa daga Nijar. Nan da nan rabin ajin suka sauya sheƙa, sauran suka ce ai haɗa baki suka yi da Bafulatanin. Mutanenmu ke nan, in suka sami wanda za su zarga har ƙiba suke yi.

Kalilu ya same shi a bayan majigi yana naɗe waya.

"Me ka kai Kongolam?"

Sabiru ya yi dariyar yaƙe. "Baba, tsofaffin kwabbai ne masu huji, da wata fitilar ƙwai. Na kakata ne, ka je ka tambaye ta. Nagatif kuwa wa zai saya? Mutanen nan abin da za su rataya a bango suke so, ba baƙar leda ba."

"Kai ka zuba hotunan a na'ura?"

"Ni ne. Ɗari uku da goma sha biyu, kwana biyu cur, ga wuta tana ɗaukewa. Idona har ruwa yake."

"Malama ta ce fuska biyu gare su. Ta wace fuska kake ɗorawa?"

"Fuska?" Sabiru ya sosa ƙeya. "Ni dai yadda na zaro haka nake ɗorawa. Sai jiya na ji wannan karatun. Ai duk hoto ya fito, ko ba haka ba?"

Kalilu ya aika aka tambayi tsohuwar. Ta ce ƙwarai kwabbanta ne, kuma tana neman ɗan banzan ya kawo mata fitilarta. Wannan hanya ta mutu a nan.

Saura waɗanda suka taya kwashe kaya. Uku mata ne malaman firamare da ba su san ma inda Kwarin Maje yake ba. Na huɗu Hafizu ne, ɗan ƙanen Kalilu, malamin makaranta, wanda tun rasuwar ubansa a hannun Kalilu ya tashi. Shi ne zakaran ajin, kafin Malama ta rufe baki ya ba da amsa.

"Kai ma ka taya ta?"

"Na taya, Baba."

"Ka ga wani abu?"

"Ban lura ba. Ni fa abin nan ya fi ƙona mini rai fiye da kowa, shaidarmu ce. Amma hoton yana wayar kowa a gari, kwamiti ba makafi ba ne." Ya rage murya. "Baba, ka yi wa Dagaci magana. Ko da Sha'aban ne, a bar zancen 'yan sanda. Abokin karatuna ne."

"Jiya ban gan ka a sahu ba da azahar."

"Na je gyaran taya."

Kalilu ya gyaɗa kai. Yaro mai tausayi, haka ubansa yake.

*

Da ɗakin ya ƙi ba shi komai, sai ya yi abin da ya saba. In an sace saniya ba ya zama a gidan mai ita yana jin koke-koke, turken yake zuwa. Turken wannan magana kuwa kuka ce. Ya hau tsohon babur ɗinsa mai madubi ɗaya, bayan la'asar ya kama hanyar Kwarin Maje.

Damina ta zauna sosai, an yi ruwa daren Talata, ƙasa ta yi luf tana riƙe komai kamar an shafe allo an sake rubutu. Gero ya kai ƙugu. Ya ajiye babur nesa, ya taka a hankali ta kudu da kukar, wajen da mai hoto zai tsaya in yana son kuka a gabansa, dutse a bayanta.

Wani ya riga shi. Sawun babur ne na jiya da rana, gefensa ya fara bushewa amma tururuwa ba su gama ratsa shi ba. Ya zo daga hanyar Daura a guje, ya tsaya. Mai shi ya sauka ya fuskanci kuka, ya matsa dama, ya dawo hagu, ya ja da baya, ya tattake wurin kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Sannan ya yi wani abin da Kalilu bai taɓa gani a sawu ba. Ya kama babur ya juya shi, ya ba kuka baya, ya kafe shi, ya hau ya zauna. Ya daɗe a zaune, don jakin babur ɗin ya nutse a laka har rabi, ƙafafunsa biyu kuma sun yi rami.

Mutum ya baro Daura da tsakar rana, ya zo gindin kuka, ya juya mata baya ya zauna. Kallon me yake? Gabansa babu komai sai gonar wake.

Kalilu yana da wata ɗabi'a da abokan sana'arsa ke yi masa dariya a kai: inda ɓarawo ya tsuguna sai ya tsuguna, inda ya sha ruwa sai ya duƙa. Ya turo nasa babur ɗin, ya ɗora taya a kan taya, ya kafe, ya hau. Ya dubi gonar wake. Ya dubi tanki. Ya dubi madubi.

Kuka ce a ciki, da dutse a bayanta. Ya zaro takardar Malama ya buɗe kusa da madubin. Kafaɗar dutsen mai tsayi tana dama a madubi, tana dama a takarda. Gangarensa yana hagu a nan, yana hagu a can. Ya waiwaya ya dubi dutsen da idonsa: kafaɗar tana hagu. Shekara sittin da takwas yana kallon dutsen nan kullum safiya, amma ranar Talata bai ga an juya shi ba, don ba dutse yake kallo ba, gonarsa yake kallo. A madubin kuwa, daidai inda shanu ke jere a takarda, geronsa ne ke kaɗawa.

"Ashe," ya ce. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ya sauka ya tsuguna a kan sawun ƙafar, ko da yake tun kallon farko ya san ta, ya dai ƙi gaya wa kansa ne. Takalmi sau-ciki, lamba arba'in da biyu. Ƙafar dama tana jefa yatsu waje, dunduniya tana tona ƙasa kafin tafin ya sauka. Tafiyar ƙanensa ce, ya yi shekaru yana binta a baya zuwa wannan gonar. Mutum ɗaya ne a duniya ya gaje ta. Tayar baya kuma a suɗe take, babu wanda ya gyara ta jiya.

Ransa ya ɓaci, ɓaci mai nauyi. Ya yi tunanin goge sawun da ƙafa, ba kuwa wanda zai sani, gajimare ma ya haɗo daga gabas zai yi masa aikin. Sha'aban zai kwana biyu a caji ofis, a yi belinsa, a manta. Gona ta zauna. Ya tsaya a wurin har iska ta fara kaɗa rigarsa. Sannan ya tayar da babur.

*

Ranar Juma'a da safe ɗakin ya cika har baranda. Mutanen Kwarin Maje sun zo, Arɗo Kabo ya zo da mutum uku suka tsaya daga bakin ƙofa, sanduna a kafaɗa. Sha'aban yana gaba a zaune, Sabiru yana bayan majigi, Hafizu yana layi na biyu da littafin shirin darasinsa a cinya.

"To, Kalilu," in ji Dagaci, "ka kawo mana ɓarawo ko ka kawo mana labari?"

"Allah ya ba ka nasara, a haska hoton tukuna."

Aka haska. Kalilu ya taka zuwa bango, ya ɗora sandarsa a gindin kukar, inda wasu mutum biyu suke tsaye ƙanana, ba wanda ya kula da su ranar Talata.

"Malama, ƙara girman nan. Yawwa. Wannan mai hular kakin malamin allura ne. Wannan mai miƙa masa goro, dattawa, wa ke nan?"

Dagaci ya matso da tabarau. "Kai! Ai mahaifinka ne, Allah ya jiƙansa."

"Amin. Da wane hannu yake miƙawa?"

Aka ƙura wa hoton ido. Wani ya ce a hankali, "Hagu."

"Ina ɗan shekara bakwai na karɓi ƙosai da hagu a hannun baƙo, mutumin nan ya yi mini dukan da har yau in hadari ya taso ina jin sa a bayana. Shi ne zai miƙa wa ma'aikacin hukuma goro da hagu, a gaban jama'a, mai hoto yana kallo? Ku dubi aljihun rigarsa. Wane maɗinki ne a ƙasar Daura yake ɗora aljihun babbar riga a dama?"

Malama Amatullahi ta dafe kai. "Innalillahi. An kifa shi." Ta juya ga Sabiru. "Juya hoton."

Sabiru ya danna. Dutse ya koma yadda kowa ya san shi, goro ya koma hannun dama, shanu suka tsallaka kuka suka koma yamma. Daga bakin ƙofa Arɗo Kabo ya ce wani abu da Fulatanci, gajere, bai ƙara ba. Manoma kuwa kowa ya yi tsuru-tsuru, waɗanda suka fi ɗaga murya ranar Talata suka shiga duban silin.

"Saboda haka," in ji Kalilu, "Sha'aban ba shi da dalilin ɗauka. Da ya san abin da ke jikin ledar nan, da gadinta zai kwana yi. Sabiru kuma bai san ya kifa ba, sakaci ne kawai irin na mai sauri. Wanda ya ɗauka shi ne wanda ya fi kowa fahimtar darasin Laraba. Ya ɗora ta a allon haske ta fuskar da ta dace, ya ga shanu a yamma. Bai yarda da idonsa ba, ya hau babur da azahar ya je gindin kuka ya gwada da madubi. Ya san yau Malama za ta tantance, gobe kwamiti zai ɗaga ta a rana. Ya ga gara ta ɓata, na waya ya ci gaba da yawo."

"Wane ne?" in ji Dagaci.

Kalilu bai dubi fuskar kowa ba. Ya miƙa hannu wajen layi na biyu. "Hafizu, kawo."

Ba a yi jayayya ba. Hafizu ya buɗe littafin da ke cinyarsa, ya zaro wata farar takarda a ninke. Ko a satar ma bai saɓa darasi ba, da gefe-gefe ya riƙo ledar don kada yatsa ya ɓata ta. Ya tashi ya ajiye a gaban Malama, sannan ya juyo, hawaye na bin gemunsa.

"Baba, gonarka ce. Ita muke ci, mu ashirin da uku."

"Na san ko tawa ce. Ni na yi mata huɗa."

"Ban yi nufin a kama Sha'aban ba, wallahi. Na ɗauka za a ce ɓata ta yi."

"Jiya da aka ware shi a benci kana ina?"

Hafizu ya share hawaye. Ya juya wajen Sha'aban zai yi magana, Sha'aban ya kwashe littafinsa da ƙullin dabinonsa ya fita wurin kakansa.

Malama ta ce kaya ya dawo lafiya, ita ba ta da ƙara. Dagaci ya ce shi ma zancen 'yan sanda ya janye, da sauri ƙwarai, mutumin da jiya yake cewa da kansa zai miƙa. Da aka watse ya ja Kalilu gefe.

"Da ka zo ka same ni a gida tukuna, Kalilu. Tsakaninmu."

"Allah ya ba ka nasara, kai ka ce in bi."

*

Kwamiti ya zauna ranar Asabar, bai daɗe ba. Aka ɗaga nagatif a rana, Malama ta nuna musu fuska mai sheƙi da mai dushi-dushi, kowa ya gani. Aka yanke burtali yamma da kuka yake, a bar manoma su girbe abin da suka shuka, daga kaka hanya ta koma ta shanu. Saura a kafa turaku, sai aka rasa wanda zai iya fitar da faɗin hanyar daga hoto zuwa ƙasa. Aka duba, aka duba, ido ya dawo kan mutum ɗaya.

Da la'asar suka shiga geron. Kalilu a gaba da takarda a hannu, Sha'aban a baya ɗauke da turaku da guduma, 'yan kwamiti suna biye. Mutanen gidan Kalilu suna tsaye can bakin gona, manya da yara, babu wanda ya yi masa sannu. Hafizu bai zo ba.

Ya fara ƙirga taku daga gindin kuka zuwa yamma. Da ya kai ashirin Sha'aban ya tsaya.

"Baba Kalilu, nan ma ya ishe mu. Arɗo ya ce in gaya maka, ashirin ya isa. Ka tsira da rabi."

Kalilu ya sake duban takardar. "Shanu goma sha biyu ne a jere kafaɗa da kafaɗa, ga makiyayi a kowane gefe. Ashirin ba ta ɗauke su."

Ya ci gaba da takawa, gero yana shafar ƙugunsa, har ya cika talatin da biyu. Abin da ya rage a bayansa zuwa iyakar maƙwabci bai fi kunya goma ba. Ya sa dunduniya ya yi alama a ƙasa.

"Nan," ya ce. "Miƙo gudumar."